Dambun Inna Ya Tafi Legas

"Wallahi Inna, Legas ba bangon duniya ba ce!" Haka na faɗa ina tsinkar zogale, ina ta kumbure-kumbure.

Inna Hure ko kallona ba ta yi ba. Dokarta ɗaya ce, kowa a Makoda ya sani: ba ta aurar da 'ya inda abincinta zai isa a huce. Yaya Maryam tana Dambatta, Yaya Aina'u tana nan bayan kasuwa, duk Juma'a sai an kai musu dambu da zafinsa. Ni autarta kuwa sai zuciyata ta kwaso min Kamaruddeen, ɗan garinmu ne, amma gyaran injina yake yi a Legas. Ina son bawan Allahn nan, ba zan ɓoye ba, kuma na san in Inna ta ce a'a, ko Baba ba zai sa baki ba.

Da ya zo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa yana ta bayani. Wai daga filin jirgin Kano zuwa na Legas bai fi awa ɗaya da rabi ba, kusan tafiyar Makoda zuwa Kano ce in bas ta yi ta tsaye-tsaye. Inna ta ce ita ba ta san awa ba, kular abinci ta sani. Tunda gobe zai koma, za ta zuba masa dambu, in ya sauka ya buɗe ta ga tururinsa a waya.

Washegari ni na turara dambun da kaina, na naɗe kular da zannuwa kamar jaririya. Da na miƙa masa a zaure na raɗa masa cewa in ya ga ya huce, ya nemi mai shayi ya ɗumama kafin ya kira. Ya yi murmushi ya ce, "Tahirata, ke dai ki yi mana addu'a."

Azahar ta yi, la'asar ta wuce, shiru. Na share tsakar gida har inda ba datti. Sai dab da magariba wayar ta yi ƙara, kiran bidiyonsa ne, na kai wa Inna.

Ga shi nan a bakin filin jirgi, duk ya galabaita. Ya kwance zannuwan, ya buɗe kula. Ko alamar tururi babu.

"Inna, jirgin ne ya yi latti, mun wuni a zaune a Kano. Tafiyar kam gajeriya ce, amma... dambu ya huce."

Na ji kamar in shiga wayar in murɗe masa kunne. Hawaye suka cika min ido, na ce a raina shi ke nan, ya kashe mu da gaskiyarsa.

Inna ta tambaye shi ko Legas ɗin ba su da wuta ne. Ya ce akwai, ga mai shayi ma can yana hango shi, amma ba haka suka yi da ita ba.

Ta juyo ta ƙare min kallo, don ta san halin kayanta. Na sunkuyar da kai.

"To, ka ci haka nan, kar ka yi min asarar zogale," in ji ta. "Kuma kulata ba kyauta na ba ka ba. In za ka dawo min da ita, ka taho da magabatanka."