Sunan Wa Zai Fara a Jikin Kwalba?

Sayali na zaune a tsakar gidan ubanta a garin Dindori na ƙasar Indiya tana tsince shinkafa, idonta a kan tire, hankalinta ba ya ko'ina. Tun da uban nata, Baba Jadab, ya ɗauko ta daga gidan mijinta abinci ya daina yi mata ɗanɗano. Yaji, tsami, zaƙi, duk ruwa ne a bakinta. Ita da harshe ne sana'arta!

Ita ke haɗa jar giyar gidajen biyu: inabin Shiraz na ubanta mai ƙamshin masoro, da inabin Kabane na surukinta mai bauri. Giyar ta karɓu har Mumbai, musamman in ana cin naman rago. To, ƙa'ida ce inabin da ya fi yawa a haɗin shi ake fara rubutawa a jikin kwalba. A kan wannan, kun ji fa, dattawa biyu da furfurarsu suka raba gari, suka raba 'ya'yansu.

"Ga ɗan nacin nan ya dawo," in ji Aai, uwarta, tana leƙen waje. Omkar ne, mijin Sayali. Kowace Lahadi sai ya zo bakin get, a zage shi, ya gaida mutane ya juya.

"Bar shi ya bushe a nan!" in ji Baba. "Kawo abinci."

Aai ta ajiye romon rago mai jan yaji da gurasar dawa. Baba ya buɗe giyarsa ta bana, Shiraz zalla, ya ci nama ya kurɓa. Kitsen ya liƙe masa a baki, giyar ta kasa wanke shi. Ya yamutsa fuska.

"Sayali, ɗanɗana ki gaya min me ta rasa."

Ta kurɓa, ta ajiye. "Ba na jin komai, Baba."

"Kamar yaya?"

"Tun ranar da kuka kawo ni. Ko gishiri ba na ji."

Ba kuka, ba fushi, kamar mai faɗin ƙarfe nawa. Wannan ne ya tsorata tsohon. Ya daɗe yana kallon yadda ta rame, sannan ya ɗaga murya: "Kai! Shigo!"

Omkar ya shigo da kwalba a hannu, ya sunkuya ya taɓa ƙafar surukinsa don girmamawa. "Sori, Baba, ta mahaifina ce. Shi ma ya kasa sha — bauri kamar ɗanyar ayaba. Ni ba ruwana da suna, matata nake so."

Baba ya tura wa 'yarsa kwalaben biyu. Hannunta ya zuba wannan, ya ƙara wancan, ita ko kallo ba ta yi. Ta ci nama, ta kurɓa.

"Aai," ta ce a hankali, "gishirinki ya yi yawa."

Aai ta saki ludayi ta fashe da kuka. "Ya yi, 'yar nan, wallahi ya yi!"

Baba ya juya baya yana goge ido, ya ce wa Omkar: "Je ka ce wa wancan mai taurin kan ya sa sunansa a gaba. Nawa ko a gindin kwalba. Ɗauki matarka."

Haƙurin Omkar a bakin get bai tashi a banza ba. Ku kuma iyaye, in za ku yi faɗan girma, ku fara duba wanda yake ramewa a tsakaninku.