Baƙin Bishiyar Tsamiya

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin daji, an yi wata tsohuwa mai kaɗin zare da maƙwabcinta manomi. Kowannensu yana da bishiyar tsamiya a ƙofar gida.

Wata damina sai ga tsutsotsi a jere, kowace na bin ta gabanta. Suka hau bishiyoyin nan biyu, suka kama cin ganye.

Manomi ya ce, "Iya, kawo wuta mu babbake su."

Tsohuwa ta ce, "Bari mu ga abin da ya kawo su."

Bayan kwana bakwai rabin ganye ya tafi. Manomi ya ce, "Iya, kawo wuta."

Ta ce, "Bari mu ga abin da ya kawo su."

Da ganye ya ƙare ƙaf, manomi ya ɗaura busasshiyar ciyawa a gora, ya cinna wa tasa bishiyar wuta. Tsutsotsi suka mutu, bishiya ma ta ƙone. Tsohuwa kuwa kullum sai ta leƙa tata, amma ba ta ɗauko wuta ba.

Tsutsotsin bishiyar tsohuwa suka taru a reshe ɗaya, suka saƙa wa kansu gida kamar jaka. Da suka yi fiffike suka tashi, tsohuwa ta ciro gidan, ta dafa shi da toka, ta kaɗa zare mai ƙyalli. Bishiyarta kuma ta sake toho.

Da bazara ta yi, manomi ya zo ya tsaya a bakin inuwarta, yana sharce gumi.

Tsohuwa ta tura masa tabarma, ta ce, "Zauna, ɗana. Inuwar ta ishe mu."