Kujerar da Ta Rage a Ɗakin Rajista

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Nazifa ce ta jefa wa Zayyanu tambayar a tashar danfo, motocin hayar Legas, da ke Oshodi, jama'a na bangazar su ta ko'ina, kwandastoci na ta kiran Agege. Ya sunkuyar da kai.

"Nazifata, mu shiga mota tukuna, in mun isa zan yi miki bayani..."

"A nan nake son ji."

Bai ɗago ba, ya ce e, ya faɗa.

Su biyu ne ke aiki a ɗakin rajista na wani reshen ma'aikatar tarayya da aka bari a Legas bayan manya sun koma Abuja. Ita haifaffiyar Agege ce, Yarbanci a bakinta kamar Hausa. Shi kuwa daga Kazaure ya zo, har lokacin bai saba da barkonon Legas ba. Teburansu na kallon juna, tana buga takardu yana jera fayil. A haka so ya shiga tsakaninsu ba su ankara ba, har aka tsayar da maganar kai kuɗin gaisuwa bayan Babbar Sallah.

Ba a jima da komawa mulkin farar hula ba sai maganar rage ma'aikata ta iso ofishinsu. Kwamiti ya zo daga Abuja, ya ce kujera ɗaya za a bari a rajista. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Da aka tambayi Nazifa, ta ce ita ke riƙe da mahaifinta mai ciwon suga, ba ta ambaci Zayyanu ko da kalma guda ba. Shi da ya shiga, sai ya ce yana da uwa da ƙanne a gida, ita kuwa mace ce, aure za ta yi kwanan nan, mijinta zai ɗauke ta.

Rhoda, sakatariyar da ta zauna da kwamitin, ita ta raɗa mata a wajen mai abinci.

Nan a tashar ya shiga ba ta haƙuri. Ya ce matakin albashinsa ya fi nata, in shi aka bari zai iya riƙe gida biyu, ita da Baba ba za su taɓa wulaƙanta ba.

"Mijin da na ce musu ai ni ne, rabin raina."

"Shi ya sa ka yanke hukunci a kaina ba ka ko tambaye ni ba?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta kutsa cikin wata danfo da ta kusa cika, ta juya fuskarta wajen taga.

Ƙarshen watan aka sallame ta.

Gidansu ɗaki biyu ne na haya a Zangon Agege, dab da layin dogo. Da asuba jikinta kan tashe ta kamar kullum, ta yi sallah, ta ɗauko kayan ofis za ta goge, sai ta tuna ba inda za ta. Matan gidan su watse wajen sana'a, tsakar gida ya yi tsit, ba abin da ake ji sai tarin mahaifinta Malam Baballe da ƙarar jirgin ƙasa in ya zo wucewa. Mahaifiyarta ta rasu tun tana sakandare, yayyenta mata duk suna aure a Arewa. Ba wanda za ta zauna ta faɗa wa abin da ke cin ta.

Katin asibitin ma'aikata da take kai Baba da shi ya daina aiki. Haƙƙin sallama da aka ce za a biya su, kullum sai a ce a dawo wani wata. Malam Baballe, tsohon ɗan goro da idanunsa suka fara dushewa, bai taɓa yi mata ƙorafi ba. In ta kawo masa abinci sai ya ce, "Uwata, ke kin ci kuwa?" Ta ce ta ci, ko da ba ta ci ba.

Duk Asabar Zayyanu na zuwa, riƙe da burodi da maganin Baba. Ya zauna a baranda su yi ta hira da tsohon. Ita kuma tana ciki bayan labule, ta jingina da bango tana sauraron muryarsa, hawaye na bin kumatunta. Sau da dama ta miƙe har ta kama labulen, sai maganar nan ta dawo mata, ta koma ta zauna.

Wata rana bayan tafiyarsa Baba ya kira ta, ya ce yaron nan kuskure ya yi, amma ba mugu ba ne.

"Na sani, Baba."

"To me ya rage?"

"In na kalle shi, sai in gan shi a gaban mutanen nan yana magana a kaina kamar ba ni da baki..."

Tsohon bai sake tada zancen ba.

Daga baya ta samu aiki a wani shagon buga takardu kusa da Pen Cinema. Yawancin masu zuwa irinta ne, waɗanda aka sallama, tsofaffin masinjoji da direbobi da akawu, kowa na son a buga masa takardar neman aiki. Ta buga, su yi godiya su tafi. Da yamma ta bi layin dogo ta koma gida ita kaɗai.

Sai Zayyanu ya daina zuwa.

Ta ce wa kanta ai haka ya fi. Amma duk Asabar sai ta tsinci kanta tana share baranda har sau biyu, kunnenta na ƙofar gida. Babbar Sallah ta zo ta wuce ba labarinsa. Rhoda ce ta biyo ta shagon wata rana ita ma da takardar neman aiki a hannu, ta ce ai an rufe reshen gaba ɗaya, an kwashe fayilolin zuwa Abuja, an bar mutanen ba aiki. Kujerar da aka yi rigima a kanta ma an loda ta a mota.

Nazifa ta zaci za ta ji sanyi a ranta. Sai ta ji kamar an zare mata wani abu daga ƙirji.

Wata safiya tana shirin fita ta ji sallamarsa. Wannan karon ta ɗaga labulen ta fito. Ya rame, ya yi duhu, ga babbar jaka a gefen ƙafarsa. Ya ce ya zaga kamfanonin Ilupeju kaf, ya ma taya wani ɗan garinsu sayar da raguna a Alaba Rago, abin bai yiwu ba. Yanzu an aiko masa cewa mahaifiyarsa na kwance, zai koma Kazaure ya kama gona. Kunya ce ta hana shi zuwa.

"Na cuce ki, masoyiyata, kuma ban tsira da komai ba. Ki yafe mini."

Ta kalle shi, karo na farko tun Oshodi.

"Zayyanu, da ka tambaye ni a lokacin... wallahi da kaina zan shiga in ce a bar maka kujerar."

Ya dafa bango. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ta ce ta yafe masa, ta daɗe da yafewa, bakinta ne ya kasa furtawa.

Ya roƙe ta ta biyo shi, a ɗaura aure a can. Ta waiwaya ta kalli ƙofar ɗakin Baba, shi ma ya kalla. Dukansu sun san tsohon ba zai jure doguwar tafiya ba, ga asibitinsa a nan, ita kuma ba za ta bar shi ba.

"Za ki jira ni?"

"Ban sani ba, Zayyanu. Ka gaishe mini da Umma."

Ta raka shi har bakin titi, ta tsayar masa da ɗan acaɓa. Ya ɗora jakar a cinya, yana waiwayenta har suka sha kwana. Ta daɗe a tsaye kafin ta juyo.

Ta tarar Baba ya farka, yana zaune a kan tabarma. Ya tambaye ta wa ya yi sallama.

"Baƙo ne, Baba. Ya tafi."

Malam Baballe ya san muryar sarai. Sai ya matsa ya ba ta wuri a gefensa. Ta zauna, ta kifa kanta a kafaɗarsa, ta saki kukan da ta daɗe tana riƙewa.