Taku Huɗu

Ranar da Wendell ya zo gyaran tagogin tsohon ginin, da tsani a kafaɗa ya ratsa tsakanin teburin Littafi Mai Tsarki da kujerar shugaba.

"Malam, koma ka kewayo," in ji Renna daga bakin ƙofa.

"Taku huɗu ne fa."

"Shekara saba'in ba wanda ya taka nan. Ba kai za ka fara ba."

Ya koma ya bi jikin bango yana dariya. Aikin kwana uku sai da ya ci mako biyu. Ba ta tambayi dalili ba, ta dai riƙa dafa kofi na mutum biyu.

Ginin shi ne hedikwatar ƙungiyar 'yan mata, a kan tudun garinsu a jihar Oklahoma ta Amurka. Kakar Renna ta hau kujerar nan, mahaifiyarta ma ta hau. Bana aka zaɓi Renna, tana da shekara ashirin. Doka kuwa a fili take: wadda ta yi aure ta bar ƙungiya. Ga shi kuma Wendell ya fara maganar aure.

"Mai gyaran taga ne zai raba ki da kujerar kakarki?" in ji Mama.

"Zai jira, Mama. Wa'adin shekara ɗaya ne."

"Wanda bai iya kewaya tebur ba?"

Ranar naɗi, Mama ta zaɓi Preston, ɗan ƙawarta, ya riƙo hannun Renna zuwa kujera. Hoton ya fito a jaridar gari. Wendell ya karɓi aiki a birnin Tulsa, ya turo saƙo:

"Na ga hoto. Kun dace. Allah ya sanya alheri."

Ta karanta a ɗakin ajiyar fararen rigunan ƙungiya, ta goge ido da bayan hannu, ta rubuta:

"Rakiya ce kawai, sarkin yanke hanya. Zaɓin Mama ne, ni kai na zaɓa. Shekara ɗaya nake roƙo. In ba za ka iya ba, faɗa mini yau."

Sai bayan kwana biyu ya turo:

"Shugabata, nuna mini bangon da zan bi."

Kowace Asabar yakan tuƙo daga Tulsa, su ci soyayyen kifi a bakin tafki, ya mai da ita gida kafin faɗuwar rana. Mama na amsa gaisuwarsa a taƙaice.

Shekara ta cika. A gaban iyaye da baƙi Renna ta miƙa wa magajiyarta gudumar shugabanci, ta sauko ta tsaya gefe guda. Ga Wendell a ɗaya gefen da zobe a hannu, taku huɗu tsakaninsu. Taro ya tashi, ba mai hana shi ratsawa.

Ya juya ya bi bango. Tsofaffin mata suka yi ta janye ƙafafu da jakunkuna yana ba su haƙuri, har ya iso.

"Ka daɗe," in ji ta.

"Hanyar ce da nisa, masoyiya."

Mama ta dube shi, ta juya ga 'yarta.

"Ba shi hannun, Renna. Yaron ya iya kewaye."

A coci aka ɗaura auren a lokacin kaka, aka ci liyafa ƙarƙashin tagogin da ya gyara. Mama ce ta fara tashi yin magana.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri da juna," in ji ta. "In kun haifi mace, kujera na nan."