Gurbi Ɗaya Wajen Farfesar Ruwa

A layin ofishin karɓar takardar sakamako ya fara ganinta. Layi ne dogo a wani baranda mai zafi, kowa yana fifita da fayil ɗinsa. Ita ce a gabansa. Ta duba waya ta mayar jaka, ba a jima ba ta sake cirowa.

"Ba za su turo yau ba," ya ce. "Masu ba da gurbin karatu ba sa son a zuba musu ido."

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. Dogo ne siriri, hannun rigarsa duk ƙurar alli.

"Wa ya ce maka gurbi nake jira?"

"Fuskarki. Irinta nake gani a madubi kullum da safe."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Kafin layi ya zo kansu kowa ya san ɗan'uwansa. Shi malamin kimiyya ne a wata sakandare. Ita tana aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti, a gida Auta ake ce mata. Dukansu digiri na biyu suke nema a fannin tsaftar ruwan sha, kuma cikin jami'o'in da suka nema akwai wata mai nisa, inda wata farfesa ta yi suna a kan wannan bincike.

"Ashe abokin hamayya ne a bayana," in ji Auta.

"Abokin tafiya dai, ranki ya daɗe."

Da gyaran takardu aka fara. Ta turo masa bayanin binciken da take son yi, ya maido mata shi ja-wur da gyara kamar na 'yan ajinsa. Ta rama, ta yanke rabin nasa, ta ce surutu ya yi yawa. Daga nan sai saƙonnin suka daina zama na takarda.

"Hajiyar kwalabe, kin ci abinci ko jinin mutane kike ta leƙe tun safe?"

"Malamina, na ci. Kai fa, yara sun bar maka murya?"

"Sun bar min kaɗan. Ajiye miki na yi."

Ya je gidansu ya gaishe da iyayenta yadda ya kamata. Baba mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana, ya amsa gaisuwa ya yi masa kallon da yake yi wa agogon da bai riga ya buɗe ba. Mama kuwa ta ce ita dai ta ga yaro mai kunya, sai dai a ƙara masa ƙiba.

Amsa ta fara zuwar wa Auta, har biyu. Jami'ar garinsu ta ba ta gurbi, ta yafe mata wani ɓangare na kuɗin makaranta, saura kuma ta san yadda za ta yi, wato aiki da safe karatu da yamma. Jami'a mai nisa ta ɗauke mata komai: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, da alawus duk wata, ita kuma ta taimaka a ɗakin binciken farfesa. Sharaɗi ɗaya, ta amsa kafin ƙarshen wata. In ba ta amsa ba, an ɗauka ba ta so.

Mama ta ce ta nan kusa. Baba ya ce wadda za ta bar yarinya ta yi karatu da kwanciyar hankali. Auta ta kira Malam tana haki.

"Naka fa? Ka duba?"

"Na duba. Sun sa ni cikin masu jira."

"To ai da sauran rai. Ba zan amsa musu ba sai naka ya fito, mu amsa tare."

"Ki amsa naki mana."

"Ban iya tafiya ni kaɗai ba, Malamina."

Abin da bai faɗa mata ba shi ne farfesar mutum ɗaya take da kuɗin ɗauka a bana. Masu jira ba wani sabon gurbi suke jira ba, wanda aka ba Auta suke jira ta saki. Saƙon da aka turo masa ya faɗi haka ɓaro-ɓaro. Ya ce wa kansa in ya gaya mata za ta sadaukar don shi, gara ya rufe baki. Nan ya yi kuskure. Yawancin shirun da mutane ke yi da sunan tausayi, tsoro ne kawai aka sa wa riga mai kyau.

Wata ya yi ta tafiya. Auta ta rame. A wurin aiki ta taɓa manna sunan wani majinyaci a kwalbar wani, Allah ya sa shugabarta ta gani kafin a fitar, ta yi mata faɗa a gaban kowa. Kullum da safe saƙonta ɗaya ne:

"Sun turo?"

"Tukuna, sanyin idona. Ki amsa naki."

Yana rubuta hakan, yana kuma jin wani ɓangare na zuciyarsa yana lissafin da ba ya son ji.

Akwai wani lakcara a jami'ar garin, abokin Yayanta, wanda ya daɗe yana kawo ziyarar da ba ta Yaya ba ce. Shi ya yi ta kai-komo har aka yafe mata kuɗin nan, kuma yana son ta san da haka. Wata Asabar ya zo da rana, aka zauna a falo ana shan shayi, ya tambayi me ya hana ta yanke shawara. Yaya ya ce ai wani take jira, yana cikin masu jira a can.

Lakcaran ya ajiye kofi a hankali.

"Wajen farfesar ruwa? Ai na santa, mun haɗu a taro. Gurbi ɗaya gare ta bana." Ya dubi Baba. "Baba, ka gafarce ni, amma shi wannan malamin ba ya shiga sai Auta ta fita. Duk ranar da ta ƙara ba ta amsa ba, ribarsa ce. In wata ya ƙare, kujerar ta koma hannun masu jira."

Auta ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi.

"Ya san da haka?" in ji Baba.

"Ana rubuta musu."

Lakcaran ya zaci daga nan magana za ta karkato wajen jami'arsu. Baba ya gode masa, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya tsaya a kan 'yarsa.

"Ki amsa wa mutanen nesa yau. Shi kuma malamin, kada in ƙara ganin takalminsa a ƙofar nan."

Ta shiga ɗaki ta kira shi.

"Gaskiya ne gurbi ɗaya ne?"

Ta ji ya ja numfashi. "Gaskiya ne."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

Ta kashe wayar.

Ba ta amsa wa jami'ar ba ran nan, ba ta amsa washegari ba. Sai ta buɗe shafin, ta ga wurin da za ta danna, ta rufe. In ta danna, da hannunta ta rufe masa ƙofa. In ba ta danna ba, ta zama sakarar da aka yi wa daɗin baki ta zubar da rabonta. Ta koma ta karanta tsofaffin saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda ƙarya ta fara, ba ta gane ba. Mama ta leƙo ta same ta zaune da hijabin salla.

"Auta, in kuka ne ki yi shi ki gama. Wata dai ba zai tsaya jiranki ba."

Ana saura kaɗan wata ya ƙare, saƙonsa ya shigo tana cikin motar haya.

"Na rubuta musu na cire sunana daga masu jira, sun tabbatar min. Yanzu ko kin amsa ko ba ki amsa ba, ba abin da zai zo hannuna. Ki yi zaɓinki ba tare da nauyina ba. Ban cancanci ki ba ni amsa ba, amma ki ci abinci."

Ba ta ba shi amsar ba.

Daga makaranta Malam ya wuce shagon Baba. Shago ne ɗan ƙarami, agogunan bango a jere kowanne da nasa lokacin. Baba yana sanye da gilashin ido ɗaya, ya duƙufa a kan wani agogon hannu. Malam ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa waya don ya ga shaidar janyewar. Baba bai karɓa ba.

"Ni na ce ka janye?"

"A'a, Baba."

"To me kake nuna min? Tambaya ɗaya zan yi maka. Da kake cewa ta amsa, har zuciyarka kake faɗa?"

Malam ya sunkuyar da kai. Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, kuma da ta wuce.

"Ba kullum ba, Baba. Akwai ranakun da na yi fatan ta zaɓi ta nan gida."

Baba ya cire gilashin ya dube shi sosai.

"Da ka ce min kullum, da na kore ka. Ba ni ka yi wa laifi ba. Je ka gidana ka same ta, uwarta tana nan."

A falo suka zauna, Mama tana ɗinki a bakin ƙofa, wai ba ta sauraro. Auta ta ƙi kallonsa.

"Sau biyu ka yanke min hukunci," ta ce. "Da farko ka ɓoye min don kana ganin ba ni da hankalin da zan zaɓa. Yanzu ka janye ba ka tambaye ni ba. Kana ganin na ji daɗi? Shekara nawa kana tara wannan burin?"

"Ban janye don ki ji daɗi ba. Ko an ba ni, ba zan iya zama a kujerar ba. Kullum zan shiga ɗakin binciken nan in tuna ta wace ce."

"Da ka gaya min tun farko fa?"

"Da kin ce kin bar min."

"Wataƙila. Wataƙila kuma da na ce maka ka yi haƙuri na fi ka maki."

Mama ta yi tari don ta ɓoye dariya.

"Kin fi ni," ya ce. "Ni na gyara takardarki, na san abin da ke ciki. Auta, na ji tsoro ne. Tsoron ki tafi ki bar ni, da tsoron ki zauna saboda ni. Ban san wanda ya fi ba, sai na yi shiru, shirun kuma ya fi su duka muni."

Auta ta ciro waya ta buɗe shafin, ta miƙa masa.

"Riƙe min."

Ya riƙe da hannu biyu. Ta kai yatsa ta tsaya.

"In na danna, tafiya zan yi, Malamina. Ba wasa ba."

"Na sani."

"Kai kuma fa?"

"Yara masu tsoron kimiyya ko'ina akwai su. Zan nemi aji a can. Baɗi in sake nema, wajen wani farfesan daban, kada mu sake yin karo."

"In ba su ɗauke ka ba?"

"In sake nema. Ina da mai yanke min surutu a gida."

"A gida? Wa ya ba ka?"

"Shi nake shirin roƙo, in an bar takalmina ya ƙara zuwa ƙofar nan."

Ta danna. Shafin ya yi ta juyawa har Mama ta ajiye ɗinki ta taso, su uku suka zuba wa waya ido. Da saƙon tabbaci ya fito, Auta ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Baba bai sauko da wuri ba. Sai da ya sa Yaya ya je makarantar ya tambayi halin Malam wajen abokan aikinsa, sai da ya ga takardar ɗaukar aiki daga wata sakandare a can garin, albashin ma bai kai na nan ba. Sannan ya ce a turo manya. Lakcaran ya aiko da saƙon fatan alheri ta hannun Yaya, bai samu zuwa ba.

An ɗaura aure kafin a buɗe zangon karatu, ba tare da wani almubazzaranci ba, don akwatunan amarya rabinsu littattafai ne. Ranar tafiya, a tashar mota, Mama ta riƙe Auta tana ta jero mata abin da ta riga ta faɗa mata jiya. Baba ya tsaya gefe har aka fara kiran fasinja, sannan ya matso ya kama hannun surukinsa.

"Na ba ka ita da karatunta. Ranar da ka ji ƙyashi ya taso maka, don zai taso, ka faɗa mata da bakinka kafin ya girma."

"In sha Allahu, Baba."

Ya juya ga 'yarsa.

"Ke kuma ki yi abin da ya kai ki. Allah ya yi muku albarka, ya ba shi nasa gurbin a lokacin da ya fi alheri, ya haɗa kanku."

Suka ce amin. Direba ya danna ham, Malam ya ɗauki akwatin littattafan, wanda ya fi nauyi, Auta ta wuce gaba ta kama musu wuri.