Itacen Jego Daga Ɗansoshiya

"Ki ajiye wayar nan ki sha kunun kanwarki tun da zafinsa! Kullum tana manne a kunnenki kamar mai jiran kiran gwamna, alhali gurgu ne ke magana!"

Inna Baturiya ce tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana zabga wa 'yarta Hasiya harara. Hasiya ta tura wayar ƙarƙashin filo, ta jawo kwanon kunun. Jaririyarta na barci a gefenta, jajir da ita, ko suna ba a raɗa mata ba tukuna.

"Inna, tambaya kawai yake yi ko yarinyar tana kama nono."

"To ki ce masa tana kamawa, ba kuma da taimakonsa ba! Itacen da nake dafa miki ruwan wanka safe da yamma na wane ne? Na maƙwabta! Ni Baturiya, ina bin gidaje a garin Bebeji ina roƙon itace, kamar 'yata ba ta da miji. Tir!"

Wanda ake wa wannan tir ɗin shi ne Ghali, mijin Hasiya, mutumin Ɗansoshiya. Direba ne a da, yana ɗauko masara da dankali daga Doguwa ya kai Kano. A wancan lokacin ba ya wuce Bebeji bai ratse ya sauke wa surukarsa wani abu ba, ita kuwa bakinta har kunne. "Ɗan albarka ya iso! Ku kamo zakaran nan!" Sabuwar darduma ake shimfiɗa masa. Sai ranar da tayar gaba ta fashe masa a dajin Falgore, mota ta wuntsila cikin kwazazzabo. An ciro shi da rai, amma ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Tun daga ranar zakarun Inna Baturiya suka samu lafiya.

Hasiya na da ƙaramin ciki a lokacin. Ita ke juya shi kada kwanciya ta cinye masa fata, ita ke wanke shi, ita ke tallabo shi ta ɗora a keken guragu ta tura shi gindin darbejiya ya sha iska. Da cikin ya tsufa, Inna ta zo ɗaukarta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari, kuma babu mijin da ke hana wannan. Sai da suka iso Bebeji Hasiya ta ga ana sauke tukwanenta da kwallayenta daga mota. Ashe kwashe ta aka yi gaba ɗaya.

Inna ta yi ta aike zuwa Ɗansoshiya: ya sake ta tun kafin ta haihu, don iddarta ta ƙare da saukarta. Amsar Ghali ɗaya ce kullum, sai ya ji daga bakinta.

Yaya Munir, wan Hasiya, mai shagon cajin waya a bakin tasha, ya ɗaga labule ya leƙo, da baƙin tabarau a fuska duk da cikin ɗaki ne.

"Sista, ki zama siriyos mana. Wannan auren ya riga ya yi esfaya. Ke da kyanki da kuruciyarki, ki ƙare a matsayin nas ɗin da ba albashi? Ba lebul ɗinmu ba ne wallahi."

"Yaya, lokacin da yake ɗaukarka kyauta zuwa Kano, ai a gidan gaba kake zama."

"Ji min yarinya da baƙar magana!"

"Ƙyale ta," Inna ta ce. "Na riga na aika masa. In shi miji ne, ya kawo itacen jego da kansa ranar suna. Da kansa na ce! Mu ga da wace ƙafar zai shiga daji."

Suka kwashe da dariya. Hasiya ta juya fuska bango, hawaye na ɗiga cikin kunun.

Ranar suna, ana fitowa daga sallar asuba, aka ji rurin akori-kura a ƙofar gida. Ɗakin Hasiya na jikin zaure, tagarsa na kallon waje, ta ɗaga labule kaɗan ta leƙa.

Itace ne tuli guda, kirya da marke, busassu, an faskare su tsaf. A gefe ga rago fari a ɗaure, ga keken guragu an kife shi. A can bisa itacen kuma Ghali ne zaune, an ɗaure shi da rawani a jikin ƙarfen motar don kada gargada ta jefo shi. Ya ƙi shiga gidan gaba, ya ce da kansa aka ce ya kawo, to a gan shi a kai. Ƙura ta rufe masa fuska har gira.

Hasiya ta san inda itacen ya fito, domin ya faɗa mata a waya. Tun bayan tafiyarta ya koma gyaran injin feshi a gindin darbejiyar nan, tunda hannuwansa da kansa lafiya suke. Manoman da ke kawo masa gyara, har da Fulanin ruga, ya ce kada kowa ya ba shi komai sai dami ɗaya na itace.

Munir ya zare tabarau ya ƙyalƙyale da dariya a gaban mutane. "Inna! Fito ki gani! An kawo itacen, har da kututture a sama!"

Wasu samari suka tuntsire. Sabo, abokin Ghali wanda ya tuƙo motar, ya hau ya kwance rawanin, ya goyo shi a baya, ƙafafunsa na reto, ya shiga da shi zaure. Ba a shimfiɗa darduma ba. Kan tsohuwar tabarmar da ake shanya kuɓewa aka nuna masa.

Ta cikin bango Hasiya na jin komai. Ghali ya gaida mahaifinta, Malam Audu, ya gaida liman da dattawan unguwa. Sai ga muryar Inna daga bakin ƙofar cikin gida, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Itace dai mun gani, an gode. Amma itace ba ya riƙe aure. Yaro, ka dubi kanka ka dubi Allah. Kai da sai an ɗaga ka an ajiye, har fitsari sai an tare maka, me za ka yi da mace? In da gaske kana sonta, ka sauwaƙe mata yanzu a gaban liman, sannan a raɗa suna kowa ya kama gabansa."

"Gaskiya ne, ka yi abin da ya dace kawai, no wahala," in ji Munir.

Sai Hasiya ta ji muryar Ghali.

"Inna, ba ku faɗi ƙarya ba. Na san abin da na zama, ni nake kwana da jikin nan. Hasiya ta ɗauke ni da ciki a jikinta har bayanta ya riƙe, ban manta ba. Na so in ji daga bakinta, amma na san mai jego ba ta fitowa zaure. In dai hutunta ke nan..." Ya sassauta murya. "Alfarma ɗaya nake roƙo. A nuna min yarinyar tukuna, in gan ta sau ɗaya."

Hasiya ta miƙe zumbur. Ta san abin da ake cewa game da macen da ta ɗauki 'yar fari a gaban mutane: marar kunya. Ko kallon jaririyar ba a son ta yi in da baƙi. Balle shiga zaure cikin maza, balle kuma a ji sunan miji a bakinta, abin da ba ta taɓa yi ba ko su biyu ne a ɗaki. Ta yafa mayafi, ta sunkuci 'yarta ta rungume a ƙirji, ta ratsa matan da ke tsakar gida suna tuƙa tuwon suna.

"La'ilaha illallahu! Ta ɗauki 'yar fari!"

"Ke Hasiya! Kin haukace ne? Dawo nan!" Inna ta kai hannu, mayafin kawai ta kama gefensa, ya zame.

Hasiya ta durƙusa a gaban mahaifinta. "Baba, ku yafe min rashin kunyar da zan yi." Sannan ta ja gwiwa zuwa tsohuwar tabarmar, ta ɗora jaririyar a kan cinyoyin nan da ba sa jin komai, ta kamo hannuwan Ghali ta tallafa musu kan yarinyar.

"Ghali!"

Liman ya sunkuyar da kai.

"Ghali, ka ce sai ka ji daga bakina, to ji. Kada ka kuskura ka furta. Wa ya ce maka na gaji? Ni na ɗauke ka, ni na san nauyinka, ba masu ƙirga min shi daga nesa ba. Da ƙafafunka na aura, da tun a asibiti na dawo gida."

Kuka ya ƙwace wa Ghali, hawayensa na wanke ƙurar fuskarsa suna sauka a zanen jaririyar.

"Malam, kana zaune 'yarka na tona mana asiri?" Inna ta faɗa tana haki.

Malam Audu, wanda ya daɗe yana barin surutun gidan ya bi ta kansa, ya ajiye carbinsa. "Asirinmu mu muka tona shi, tun da muka zaunar da suruki a tabarmar kuɓewa. Da ta ce ta cutu, da ni zan kai ta gaban alƙali da ƙafata, haƙƙinta ne. To ga abin da ta ce. Kai Munir, cire wannan gilashin ka ɗauko darduma, sannan ka je ka sauke itacen nan kai kaɗai." Ya juya ga Ghali. "Yi mata huɗuba. Wane suna ka zo da shi?"

Ghali ya kai bakinsa kunnen jaririyar ya yi mata kiran salla a hankali, sannan ya ɗago. "Tun tana ciki na yi niyya, Baba, kuma ban canja ba. Zahra'u."

Sunan yanka na Inna Baturiya ke nan. Matan da suka cunkushe a bakin ƙofa suka juya gaba ɗaya suna kallonta. Ta ja jiki ta shige ɗaki, ba a sake ganinta ba har aka gama rabon naman.

Itacen ya kai Hasiya har arba'in, ya yi saura. Da shi Inna Baturiya ta yi ta girki har damina, ba ta kuma taɓa cewa ba ya ci da kyau ba. Ranar komawa, aka loda tukwane da kwallaye a motar Sabo kamar yadda aka sauke su.

Ghali bai tashi ba, kuma likitoci sun ce ba zai tashi ba. Akwai ranakun da gyambon kwanciya ke hana shi aiki, akwai ranakun da Hasiya ke kwana da ciwon baya. Amma inuwar darbejiya ta zama shago mai rufin kwano, masu kawo gyara har daga Tudun Wada, ga Ummi, don haka suke kiran yarinyar, ta koyi tsayuwa tana dafe da tayar keken babanta.

Wanda yake girmama suruki don buhun da yake saukewa, buhun yake girmamawa, kuma ranar da aka daina saukewa kowa zai ga halinsa. Haƙuri da riƙon amana su ne aure, Allah kuma ba ya tozarta mai su. Masu cewa rabin mutum aka dawo wa Hasiya da shi, su zo su tambaye mu, mu da hanyar nan ta Falgore ta maido mana da gawar namu a naɗe cikin tabarma.