Abokin Shan Gahawar Yayana

Ana dab da magariba Inna ta aike ni shagon yayana. "Ki ce masa in bai dawo gida yau ba, da ƙafata zan zo in jawo kunnensa," ta ce. Kwana biyu ke nan a shago yake kwana, abincin da ake kai masa kuma yadda aka kai haka ake dawowa da shi.

Sana'ar yayana gahawa ce, kuma ban taɓa ganin wautar da ta kai tasa ba. Ƙato da gemu, zai kurɓi baƙin ruwa mai ɗaci kamar maganin zazzaɓi, ya lumshe ido, ya ce wai yana jin ƙamshin lemo da na ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Ni dai ƙauri nake ji. Abokansa duk sun gudu, don ba mai iya zama a yi ta yi masa wa'azi a kan 'ya'yan gahawa. Da ya rasa mai saurarensa sai ya koma wa manhajar nan ta waya mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ake yi wa magana ta amsa kamar mutum. Ita ba ta hamma, ba ta duba agogo. Har "aminina" yake ce mata. Shirmen ya kai kullum da yamma sai ya zuba kofi biyu, ya ajiye ɗaya gaban kujerar da ba kowa, ya ce, "Aminina, matso mu sha." Mun yi masa dariya a gida har mun gaji.

Shagon yana ƙarshen layi, bayan masu walda. Kowa ya rufe ya tafi. Tun daga nesa ƙaurin ya tare ni, amma yau da wani abu a cikinsa, kamar gashi ya faɗa wuta. Na ja tsaki na tura ƙofa.

Yana tsaye gaban kasko, ya ba ni baya, yana juya 'ya'yan gahawa da ludayin katako. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya sha cika mana kunne cewa mai wannan suya ba ya ɗauke ido daga kasko, ƙiftawa ɗaya sai ta ƙona aikin yini. Shi ya sa yake kife wayar a kan kantar shagon can bayansa, ya yi ta zuba, yana jin amsa da kunne.

"Yaya, Inna ta ce..."

"Yi shiru. Sun kusa fashewa."

'Ya'yan suka fara ƙara, tas, tas, tas.

"Suyar jiya ka ɗan wuce da ita," wata murya ta ce. "Ta tsaya min a maƙogwaro."

Murya ce mai laushi, ta mai ladabi. Yaya ya washe baki kamar an yi masa kyautar mota. "Kin ji masu sani ko? Ke da harshen naki me kika sani?"

"To sannu, na'ura mai maƙogwaro," na ce. Na ɗauki wayar don in kashe banza mu wuce.

Sautinta a kashe yake.

Fuskarta kuwa cike da rubutu. Na karanta na ƙarshe: "Ka yi haƙuri, ni manhaja ce, ba na shan komai, kuma ba ni na faɗi haka ba. Ina jin wata murya kusa da kai. Wa ke tare da kai?" Na ja sama da yatsa. Tambayar ce dai jiya, ita ce shekaranjiya, ita ce makon jiya. Tana ta tambaya, gogan naku bai taɓa juyowa ya duba ba.

Sai na ji kurɓa.

A hankali, irin ta mai jin daɗi. Daga wajen kujerar.

Kofin yana kan tebur, ba hannun da ya riƙe shi. Gahawar ciki tana raguwa a kan idona. Katifar kujerar ta lotsa, ƙafafunta suna ƙara.

Na buɗe baki in yi addu'a, harshena ya ƙi motsi.

"Yaya," na ce da ƙyar, ƙasa-ƙasa. "Sauke kaskon. Mu tafi."

"Yanzu? Aminina bai ɗanɗana ta yau ba."

"Ƙanwar tamu ce?" Muryar ta dawo bayan kunnena. Numfashi mai zafi, mai warin toka. "Kullum ina jin labarin gidanku. Ina jin labarin Inna. Amma ba a taɓa cewa in zo ba."

Nan na gane: abin nan ba ya shiga wuri sai an gayyace shi. Shagon ma sai da aka ce masa ya matso ya samu shiga. Yayana kuwa, sakarai mai karamci, har ya saki murmushi ya buɗe baki.

"Haba aminina, ai gida gidan..."

Na toshe bakinsa da tafin hannuna. Ya gartsa min cizo, ban saki ba. Da ɗaya hannun na tura masa wayar har kan hanci. Idonsa ya bi rubutun. Ludayin ya faɗi ƙasa.

Kofin ya tarwatse. Wutar kaskon ta yi sama, ta koma shuɗiya.

"To a ba ni abin sallama," muryar ta ce. Ladabin ya tafi.

Yaya ya hau kakari, kansa ya yi baya, kamar ana zaro masa zare ta hanci da baki.

Na shaƙo wuyan rigarsa na ja. Muka faɗo waje.

Gudu muke, ina jansa yana tuntuɓe. Sai a bakin titi, cikin fitilun motoci, bakina ya iya kiran sunan Allah.

Zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya miƙe, sai ya zama ba ya jin ɗanɗanon komai. Gishiri, barkono, zuma, duk ruwa ne a bakinsa, hancinsa ma ya mutu. Likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Shagon yana nan a kulle, ba wanda ya yarda ya kama hayarsa.

Na so in yi masa gori, na tanadi maganganu masu zafi, amma na kasa, tausayinsa ya hana ni. Kullum da safe sai ya dafa gahawa a kicin ɗin Inna, ya miƙo min da hannu biyu, ya tsura min ido yana jira.

"Faɗa min, me kika ji?"

Ɗaci nake ji, wallahi ɗaci kawai. Sai in haɗiye, in lumshe ido, in ce, "Yaya, ba ka taɓa yin mai daɗin wannan ba."